Tarihin Ƙirƙirarriyar Basira da Rabonmu a Cikinta

Da yawa daga cikinmu za su tuna lokacin da kalkuleta ta fara shigowa aji, malamin lissafi yana ƙwace ta don kada ƙwaƙwalwarmu ta yi lalaci. To, yau ga shi an wayi gari na'ura tana rubuta wasiƙa, tana fassara, har tana taya likita duba hoton ƙirji. Wannan ita ake kira ƙirƙirarriyar basira, kuma ya kamata mu san inda ta faro.

A shekarar 1950 wani masanin lissafi na Ingila mai suna Alan Turing ya rubuta maƙala yana tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 wasu masana suka taru a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, kuma a nan ne sunan da John McCarthy ya raɗa wa fannin ya kafu. Masanan farko sun cika baki ƙwarai. Tun a 1954, da wata kwamfutar IBM ta fassara jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Turanci, aka ce nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar fassara. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. A 1966 wani kwamiti ya ba gwamnatin Amurka rahoton cewa aikin bai kai ko'ina ba, aka janye kuɗi, kasuwar ta yi sanyi.

Dalilin faɗuwar shi ne, a lokacin mutum ne ke rubuta wa na'ura kowace ƙa'ida da hannunsa, alhali harshe da rayuwa sun fi ƙarfin ƙa'idoji. Ko Deep Blue, wadda ta doke gwanin darar Turawa Garry Kasparov a 1997, ƙarfinta a saurin lissafi yake. Sauyi na haƙiƙa ya zo ne da aka koma barin na'ura ta koya da kanta daga misalai. A 2012 Geoffrey Hinton da ɗalibansa biyu a Jami'ar Toronto suka horar da kwamfuta da hotuna fiye da miliyan ɗaya, ta yi wa sauran fintinƙau wajen gane abin da ke cikin hoto. Da irin wannan hanya aka bi, aka ciyar da na'ura rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022.

A nan ne maganar ta shafe mu. Na'urar nan ɗaliba ce, abin da aka karantar da ita kawai ta sani. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada wasu manhajojin gane fuska. Kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35, domin galibin hotunan da aka koyar da su na farare ne. Haka abin yake ga harshe. Sai a 2013 Hausa ta shiga Google Translate, kuma rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turanci. Manomin da zai tambayi waya maganin cutar rogonsa, da majinyaciyar da ba ta jin Turanci, su ne za su ɗanɗana kuɗar wannan giɓi.

'Yan Afirka ba su naɗe hannu ba. A 2017 aka fara taron Deep Learning Indaba a Johannesburg, a 2019 kuma aka kafa ƙungiyar Masakhane, wadda sunanta da Zulanci ke nufin mu gina tare, don shigar da harsunanmu cikin na'ura.

Mun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Da aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya a 1933, matasa irin su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ne suka ɗauki alƙalami, aka samu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda muka karanta a aji. Yanzu layi ya zo kanmu. A cikinmu akwai likitoci da alƙalai da malaman gona da 'yan kasuwa. Kowa ya rubuta abin da ya sani da harshensa, ya sa shi inda za a same shi, ya kuma ƙarfafa wa 'ya'yansa gwiwa a kan lissafi. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. In muka yi shiru, jikokinmu za su tambayi na'ura labarinmu, ta ba su abin da wasu suka faɗa a kanmu.