Ingancin Hoto da Sauti a Finafinan Yaƙi da Almara Bayan Sun Shiga Gida

Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina, aikin darakta Izu Ojukwu, wanda ya tashi a garin Jos. An gina shi kan labarin Sarauniya Amina ta Zazzau, aka haɗa da duba da tsafi da karon dawakai. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma na cikin jaruman. Mafi yawan masu kallo a talabijin ko a waya suka gan shi. Wannan nazari ya duba abin da ke samun irin wannan fim tsakanin ɗakin tacewa da idon mai kallo, domin finafinan yaƙi da almara sun fi kowane iri shan wahala a wannan tafiya.

Hoto

Kafin fim ya shiga faifai ko intanet sai an matse shi. Na'ura ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Akasari bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa take ajiyewa. Idan mutum biyu na hira a falo, abin da ke motsi kaɗan ne, sai hoton ya fito garau. A fagen fama kuwa, ƙura da hayaƙi da wuta da sukuwar dawakai suna sauya komai a kowace daƙiƙa, sai hoton ya farfashe ya koma dishi-dishi. Haka fitowar dare, inda bokaye da aljanu suka fi bayyana: duhu ya dunƙule, fuskar baƙar fata ta ɓace a cikinsa idan ba a haska ta da kyau ba tun wajen ɗauka.

Matsalar ta daɗe. A zamanin kaset, duk kwafi daga kwafi sai ya rage kyau, abin da Brian Larkin ya nazarta a kasuwar finafinan Kano cikin littafinsa na 2008. Faifan VCD ɗigo 352 a 288 kawai yake ɗauka. DVD ya kai 720 a 576, amma 'yan kasuwa suka riƙa cusa finafinai barkatai a faifai guda, ribar ta tafi. Yau masu tura finafinai a waya suna ƙara matse fim don ya shiga ƙaramin memori, mai kallo ta intanet kuma yana rage inganci da hannunsa don tattalin data.

Sauti

Manyan finafinan yaƙi ana haɗa sautinsu ne don lasifika shida, magana tana da tata a tsakiya. Idan aka tattara su cikin lasifikar waya guda, amon takubba da kiɗa sukan danne magana, rugugin tambura kuma ya mutu, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da amo mai kauri. Finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa suna da ƙarin ciwo: in mai fassara bai samu kiɗa da amo a ware ba, dole ya rage sautin asali duk lokacin da ya ɗora muryarsa.

Kammalawa

Jos ce ta fi cancanta ta ja gaba wajen gyara. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, da Kwalejin Talabijin ta NTA, da ma'adanar finafinai ta ƙasa. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an gyara shi aka nuna a Berlin a 2018 saboda asalinsa bai salwanta ba.

Don haka wajibi ne waɗannan makarantu su koya wa ɗalibai abu uku: adana asalin fim ba tare da matsi ba, haɗa sauti na musamman don waya, da gwada kowane fim a ƙaramar waya kafin a sake shi. Ingancin da bai isa hannun mai kallo ba, asarar kuɗi da wahala ce.