Daga duwatsun Rasha zuwa rufin lakwal ɗinmu

Malamai da iyaye, panon da ke caja mana salula a Kiéché da Dogon Dutse yana da tarihi, kuma ya kamata yaranmu su san shi.

A 1954 aka ƙera ƙwayar silikon ta farko mai amfani a Amurka, tana mayar da kashi 6 cikin ɗari na hasken rana kuran. Nijar ba ta yi jinkiri ba: a 1965 ta kafa ONERSOL, ofishin makamashin rana, wanda Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya shugabanta daga 1969. Sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi.

Yanzu wani sinadari, ferofskait, yana neman karɓe wa silikon fage. An fara samun ma'adininsa a duwatsun Ural na Rasha a 1839. A 2009 masanin Japan Tsutomu Miyasaka ya haɗa irinsa da hannu, ya samu kashi 3.8. Yau an haura kashi 25.

Sirrin yana cikin haɗin. Na farko ya ƙunshi dalma da aidin da wani sinadari mai suna metilamoniyom, wanda zafi da laima ke saurin ruguzawa. Da aka gauraya siziyom a ciki, sai ya ƙara jure zafi. Idan aka ƙara buromin, kalar hasken da yake sha kan canza, shi ya sa ake ɗora shi kan silikon, kowa ya ɗauki rabonsa. An gwada kuza a madadin dalma, amma iska na saurin ɓata ta.

Abu biyu nake so mu riƙe. Zafin Afrilu a Arewa yakan wuce digiri 40, kuma panon silikon na iya yin shekara 25 yana aiki. Sai sabon ya nuna irin wannan juriya kafin mu zuba kuɗinmu. Na biyu, dalma guba ce. A 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Duk ranar da panon ya shigo kasuwarmu, mu tambayi mai sayarwa ina za a kai shi idan ya fashe.

Yaron da zai iya yin wannan tambaya, a ajin kimiyya ake shirya shi. Kada mu bari a raina darasin sinadarai.