Yadda Fiyano Ya Haɗu da Kwamfuta a Situdiyon Kano

Da finafinan Hausa suka kankama a Kano, bayan fitowar Turmin Danya a 1990, kiɗansu ya koma hannun fiyanon Yamaha. Amma abin da ya sauya sana'ar shi ne jona fiyanon da kwamfuta. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, ya ba na'urori damar bin bugu ɗaya, sai mutum guda ya jera ganga, algaita da murya ba tare da ɗaya ya riga ɗaya ba. Masu cewa wannan ya kashe kalangu suna da hujja, domin makaɗa da dama sun rasa aiki. Sai dai na'ura kayan aiki ce kawai. Salon da ake saurare a wayoyi har gobe daga kunnen makaɗin Hausa ya fito.