Nau'o'in kajin da suka dace da kiwon gida a Mpape, da abin lura kafin a ƙara sababbi

Kiwon kaji a bayan ɗaki sana'a ce da magidanta da matan aure da yawa suka riƙa a Mpape, garin da ke kan duwatsu a Ƙaramar Hukumar Bwari, dab da Maitama a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Wasu na kiwo domin ƙwan da yara za su ci, wasu domin nama lokacin Sallah da Kirsimeti, wasu kuma sun mai da kajin asusun da ake waiwaya idan buƙata ta taso. Sai dai asarar da masu ƙaramin kiwo kan yi sau da yawa tana farawa ne daga zaɓen nau'in da bai dace da gidansu ba, ko shigo da sabuwar kaza mai ɗauke da cuta cikin tsofaffi.

Yanayin wurin

Gidaje a Mpape a cushe suke, da yawa na haya ne masu tsakar gida ɗaya, don haka filin da kaza za ta yi tono kaɗan ne. Iyalai da dama sayen ruwa suke yi daga 'yan ga-ruwa, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, alhali 'yan tsakin kwana ɗaya na buƙatar ɗumi na makonni uku zuwa huɗu. Zafi kan tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, sanyin hunturu kuma shi ne lokacin da cutar Newcastle ta fi yi wa kaji ɓarna. Kowane zaɓi ya kamata a auna shi da waɗannan abubuwa.

Kajin gida

Kazar gida, wadda aka fi kira kazar Hausa, ita ce mafi juriya. Tana neman abincinta, ta wadatu da tsaki da dusa da sauran tuwo, kuma ta san yadda za ta kauce wa shirwa. A cikinta akwai durgu mai gajerun ƙafafu, da mai tsiraicin wuya, da mai murɗaɗɗen gashi, kuma biyun ƙarshe sun fi jure zafi saboda jikinsu na saurin shan iska. Kazar Fulani ta fi sauran girman jiki.

Rauninta shi ne ƙarancin ƙwai, kimanin 40 zuwa 60 a shekara, da jinkirin girma, domin takan kai wata shida kafin ta fara ƙwai. Amma tana da abin da kajin gona suka rasa: tana kwanci, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta ba tare da fitila ko gawayi ba. Har ƙwan zabi akan sa mata. Namanta kuma ya fi tsada a kasuwa saboda ɗanɗano da tauri.

Kajin ƙwai

Wanda ƙwai kawai yake so, nau'o'in da aka fi samu a Najeriya su ne Isa Brown da Lohmann Brown da baƙar kazar nan Harco. Sukan fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, kuma da kulawa mai kyau kaza ɗaya kan yi kusan ƙwai 300 a shekarar farko. Akwai kuma Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar domin yanayin ƙasar nan.

Sharaɗin waɗannan kaji shi ne abinci. Kowace na cin giram 110 zuwa 120 na abincin kajin ƙwai a rana, wato kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kimanin mako uku. Idan aka mai da su kan dusa zalla, ƙwan zai ragu ko ya tsaya. Ba sa kwanci, kuma ba sa buƙatar zakara kafin su yi ƙwai; amfanin zakara shi ne ƙwan ya ƙyanƙyasu. Mai ƙaramin kiwo da ba shi da wurin ɗumama 'yan tsaki zai iya sayen sagarun da suka kusa fara ƙwai, duk da cewa sun fi tsada.

Kajin nama

Kajin nama da ake kira burela, irin su Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres, sukan haura kilo biyu cikin mako shida zuwa takwas. Sun dace da wanda ke son kiwo na ɗan lokaci, ya lissafa kwanaki ya dace da kasuwar Sallah ko ta ƙarshen shekara. Ba a sakin su, ba sa jure zafi, kuma a watan Maris ɗaki mai rufin kwano marar iska zai iya kashe su cikin yini ɗaya. Ba a haɗa su da kajin gida a akurki ɗaya, kuma riƙe su bayan sun kai girma asarar abinci ce.

Kajin da suka haɗa ƙwai da nama

Tsakanin kazar gida da kazar gona akwai nau'o'in da aka inganta domin kiwon gida. Noiler ta fito ne daga kamfanin Amo Farm Sieberer Hatchery da ke Awe a Jihar Oyo. FUNAAB Alpha kuwa Farfesa Olufunmilayo Adebambo ce ta jagoranci samar da ita a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta, aka yi mata rajista a 2018. Kuroiler asalinta daga Indiya ne, Sasso kuma daga Faransa.

Cibiyar Binciken Dabbobi ta Duniya, ILRI, ta gwada waɗannan huɗu tare da Shika Brown da kazar Fulani a gidajen manoma a jihohin Kebbi da Kwara da Nasarawa da Imo da Ribas. Jihar Nasarawa na maƙwabtaka da Abuja, yanayinsu kuma kusan ɗaya ne.

Irin waɗannan kaji sukan kai girman yanka cikin wata uku zuwa huɗu, matan kuma kan yi ƙwai 150 zuwa 200 a shekara. Suna iya yin tono idan an sake su, amma sai an ƙara musu abinci safe da yamma. Da wuya su yi kwanci, shi ya sa masu kiwo kan bar kazar gida ɗaya ko biyu ta riƙa ƙyanƙyashe musu ƙwai. Ya kamata a sani cewa 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gida ba lallai ne su kai iyayensu girma ko yawan ƙwai ba.

Yadda ake shigo da sababbi

Kazar da aka sayo daga kasuwa za ta iya ɗauko cuta ba tare da ta nuna alama ba. Ƙa'ida ita ce a keɓe ta nesa da sauran na mako biyu zuwa uku, da mazubin abinci da na ruwa nata daban, ana lura da atishawa, zawo, kumburin fuska ko ƙwarƙwata. Bayan haka a haɗa su da daddare, a ƙara mazubi, domin tsofaffin kaji kan tsattsagi baƙuwa su hana ta ci. Ba a haɗa 'yan tsaki da manya sai girmansu ya kusa zuwa ɗaya. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, kuma a gidan haya yana da kyau a yi la'akari da maƙwabta kafin a tara zakaru.

Babu nau'in da ya fi ƙarfin Newcastle, har da kazar gida. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa rigakafinta, ciki har da I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido kuma ake maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, musamman kafin shigowar hunturu. 'Yan tsakin gona na buƙatar rigakafin Gumboro a makonnin farko. Murar tsuntsaye kuwa, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, cuta ce da ake kai rahotonta ga hukuma. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da likitan dabbobi, kada a yanka a ci ko a kai kasuwa.

Wanne ya dace da wa?

Gidan da ba shi da kuɗin sayen abincin kaji kullum, kazar gida ce tasa. Mai ɗan fili da ke iya sayen buhu lokaci-lokaci zai fi amfana da Noiler ko FUNAAB Alpha, tare da uwar kaza ta gida. Mai rufaffen akurki da tsayayyen kuɗin shiga zai iya riƙe kajin ƙwai biyar zuwa goma, burela kuma ta mai kasuwar da ya riga ya tanada ce. A kowane hali, a sayi 'yan tsaki daga dillalin kamfanin ƙyanƙyasa da aka sani, a tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu, sannan a tanadi kuɗin abincin wata biyu kafin a kawo su gida.