Dogaran da ke cikin jini da tarihin allurar sanƙarau

Jama'a, duk wanda ya girma a ƙasar Tasawa ko Mayahi ya san sanƙarau. Ciwo ne na rani. In ƙura ta taso, zafi ya sauka, sai a ji wuyan yaro ya sandare, kai na sara, jiki ya yi zafi. A 1995 ya kama mutum fiye da 40,000 a Nijar. A 1996 ya kashe wajen mutum 25,000 a Afirka. To, yaya aka yi aka karya lagonsa? Labarin ya faro ne daga cikin jini.

Jini ja ne a ido, amma a cikinsa akwai fararen ƙwayoyi. Ba a ganinsu sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Su ne dogaran jiki.

A 1882 wani masani ɗan Rasha, Mecnikof, ya soka ƙaya a jikin wata ƴar halittar teku. Da gari ya waye ya duba, sai ya ga ƙananan ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan aka gane cewa fararen ƙwayoyi na cinye baƙon da ya shiga jiki. Ruwan miki da ke fita in ƙaya ta kwana a ƙafa, yawancinsa gawar waɗannan dogarai ne.

A shekarun 1960 masu bincike suka gano cewa dogaran nan iri-iri ne. Wasu na ƙera makami daidai da kowace cuta. Wasu na ba da umarni. In masu umarni suka sa hannu a yaƙi, jiki ba ya saurin manta abokin gaba.

Nan matsalar tsohuwar allurar sanƙarau take. Daga ɓawon ƙwayar cutar aka haɗa ta. Masu umarni ba sa kula ɓawon nan. Shi ya sa ƙarfinta ba ya wuce kamar shekara 3, kuma ba ta yi wa ƙananan yara aiki sosai. Sai annoba ta ɓulla a bi gari-gari da ita, bayan ƴan shekaru ciwo ya komo.

Sai masana suka yi dabara. Suka ɗaure ɓawon da wani sinadari wanda masu umarni ke ganewa. Haka aka samu MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 a faɗin Nijar. Sanƙarau nau'in A, mai kawo manyan annoba, ya kusa ɓacewa.

Amma sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. A 2015 nau'in C ya kama dubban mutane a Nijar, musamman a Yamai. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara aiki da sabuwar allura mai tare nau'i 5.

Saboda haka, iyaye, allura koyarwa ce ga dogaran yaro tun yaƙi bai zo ba. Ɗan zazzaɓin da ke biyo bayanta alama ce suna koyo. Ku adana katin rigakafi. In wuyan yaro ya sandare, a kai shi likita ranar, kada a jira gobe.