Tushen kaji: kamfanin ƙyanƙyasa, makiyayi da zakaran tsaro

Hanyoyi biyu ne mai kiwon kaji a birnin Kano ke samun iri. Ko dai ya sayi 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya daga kamfanin ƙyanƙyasa ta hannun dillali, ko ya sayi sagara da zakara daga makiyayin da ke tara irinsa da kansa, a gida ko a kasuwanni irin su Rimi, Wudil da Dambatta. Kowace hanya kaza daban take bayarwa, kuma akan yi asara a gidajen cikin ganuwa sakamakon sayen kazar da ba ta dace da tsakar gidan da aka kai ta ba.

Manyan kamfanonin ƙyanƙyasa sun fi yawa a Jihar Oyo, inda Zartech da CHI suke a Ibadan, Amo kuma a garin Awe. A Arewa akwai na Olam da aka buɗe a Jihar Kaduna a 2017. Ana sayar da 'yan tsakin a kwali mai cin hamsin. Abin da ke ba su damar jure tafiya mai nisa shi ne ragowar gwaiduwar da ke cikinsu, wadda ke riƙe su kusan kwana uku ba ci ba sha. Amma jure yunwa ba jure zafi ba ne, kuma kwalin da ya wuni a mota cikin watan Afrilu yakan iso da 'yan tsaki a galabaice. Lafiyayyen ɗan tsako idonsa a buɗe yake, cibiyarsa a bushe, yana tsayuwa da ƙafarsa, in aka kwantar da shi rigingine nan take yake juyowa. Ya kamata mai saye ya nemi sanin ranar ƙyanƙyasa da rigakafin da aka riga aka yi, domin na Gumboro da na Niyukasil suna nan a wuyansa. Haka kuma ɗumi: makon farko suna buƙatar zafin da ya kai maki 32 zuwa 35.

Burola kan isa yanka a mako 6 zuwa 8, mai ƙwai kuma ta fara sakawa wajen mako 18 zuwa 20. Akwai irin da aka samar a gida, kamar ShikaBrown ta cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, da Noiler ta kamfanin Amo, wadda ke ba da nama da ƙwai tana kuma iya kiwo a sake. Sai dai kajin kamfani haɗin iri ne: 'ya'yansu ba sa fitowa daidai da iyayensu, kuma yawancinsu an cire musu ɗabi'ar kwanci. Wanda ya saye su zai koma ya sake saye.

Kazar Hausa akasin haka take. Ƙwanta kaɗan ne, girmanta a hankali, amma tana kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta reni 'ya'yanta, har ma a sa mata ƙwan zabo ta karɓa. Haɗarinta shi ne abin da za ta shigo da shi gida. Kejin kasuwa mahaɗar kaji ce daga ƙauyuka da dama, kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta Jihar Kaduna a farkon 2006, ta bazu har Kano, likitocin dabbobi ke nanata a killace sabuwar kaza aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. A ganina, sayen iri a gidan makiyayin da za a ga uwa da uba da tsaftar akurkinsa ya fi sayen kaza mafi kyan gani a kasuwa.

Batun zakaran tsaro kuwa ya shafi kajin da aka samar tun asali don faɗa, irin su Asil na Indiya da Pakistan, da Shamo na Japan. Dogaye ne, masu faɗin ƙirji da matsattsen gashi. Ingila ta haramta faɗan zakaru tun a 1835, hadisi ma ya hana haɗa dabbobi faɗa, amma irin bai ɓace ba. Daga jinin Asil aka samo kazar Cornish, wadda ita ce kakar burolar yau. Masu kiwo kan ajiye irin waɗannan zakaru don su kare sauran kaji.

Ainihin aikin zakara gargaɗi ne. Yana da kuka daban don abin da ya taho ta sama, kamar shirwa da shaho, da wani daban don na ƙasa, kuma kaji na bambance su: na farko su ruga maɓoya, na biyu su ɗaga kai. Zakara mai zuciya kan iya korar hankaka ko mage da rana. Da dare kuwa ba ya gani sosai, alhali a lokacin ne gafiya da muzuru ke ɓarna, su kuwa ke cin 'yan tsakin cikin birni. Ga wata matsalar: zakaran faɗa ba ya zama da wani zakara, ga gidajen Yakasai ko Mandawari katanga ɗaya ce tsakaninsu, ga yara na rarrafe a tsakar gida. Zakara ɗaya ya wadaci kaji goma.

Macen Asil ta fi namijin amfani a nan. Ba ta da yawan ƙwai, amma ta shahara da naci wajen kwanci da tsananin kare 'ya'yanta, kuma kazar Hausa mai kyan reno ba ta da nisa da ita a wannan hali. Ga wanda ke kiwon burola ko Noiler a lungun gida, raga mai ƙananan ido a saman fili, da daɓen siminti, da toshe magudanar ruwan da gafiya ke bi, su ne kariyar da ke aiki dare da rana.