Daga Ƙurɗuba Zuwa Gobarau

A yammacin ƙasar Katsina, wajen Batsari inda Sarkin Ruma ya ke zaune, da Safana garin Yarima, tun zamanin kakanni akwai wata al'ada wadda kowa ya sani. In an gama kaka, an sa gero a rumbu, sai ka ga samari sun ɗaure tabarma da buta, sun rataya gafaka, sun kama hanya neman karatu. Waɗansu su kan yi gabas mai nisa, har Barno, don tilawar Alƙur'ani. Amma mai son ilmin littattafai, galibi Birnin Katsina ya kan nufa, tafiyar yini biyu ko uku a ƙasa, ya shiga ta Ƙofar 'Yandaka ya nemi zauren malami.

To, da za a kwance gafakar irin wannan almajiri a duba abin da ke ciki, da an ga abin mamaki. Cikin ƙananan littattafan farilla da a kan karanta tare da Ahalari da Ishmawi akwai wanda a ke kira Ƙurɗabi. Almajirai da yawa sun haddace shi ba su taɓa tambayar asalin sunan ba. Sunan gari ne. Wanda ya tsara shi wani malami ne, Yahaya, mutumin Ƙurɗuba, babban birnin ƙasar Andalus, watau ƙasar da yanzu a ke kira Sifaniya, can cikin Turai. Ba kuwa shi kaɗai ba. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda a ke rerawa a zauruka da dare, a Ƙurɗuba aka haife shi, ya rasu a Maroko cikin 1230. Ibn Malik mai Alfiyya, baiti dubu na nahawu, mutumin Jayyan ne, wani gari na Andalus. Alƙali Iyal mai Ashafa ya ƙetare teku daga garinsu Sabta ya yi karatu a Andalus, daga baya har ya yi alƙalanci a birnin Garnaɗa. Tuhufa kuwa, da alƙalan ƙasar Hausa su ke yanke hukunci da ita, aikin Ibn Asim ne, alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu cikin 1426. Kai, ko rubutun allo ma shaida ne. Ɗigo guda a ƙarƙashin fa, ɗigo guda a bisa ƙaf, haka mutanen Andalus da na Magrib su ke rubutawa, ba haka na Masar su ke yi ba.

Musulmi sun shiga Andalus cikin 711, suka fara ginin babban masallacin Ƙurɗuba wajen 785. A nan malamai su ke zama, kowa da ginshiƙinsa, almajirai sun kewaye shi. Su ma mutanen Andalus da tafiya suka samo ilmin. Wani saurayinsu, Yahaya ɗan Yahaya, ya bar gida ya tafi har Madina wurin Imamu Malik. An ce wata rana aka shigo da giwa Madina, almajirai duka suka watse kallo, shi kaɗai ya zauna. Da malamin ya tambaye shi dalili, tun da ya ke babu giwa a ƙasarsu, sai ya amsa da cewa karatu ya kawo shi, ba kallon giwa ba. Ya koma Ƙurɗuba ya zama babban malaminta har ya rasu cikin 848, kuma ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi shahara har yau. Sarki Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya buɗe makarantu 27 don 'ya'yan matalauta, yana biyan malamansu, ya kuma tara littattafai waɗanda masu tarihi na Larabawa suka ce sun kai 400,000.

Duniya ba ta tabbata ga kowa. Ƙurɗuba ta fita hannun Musulmi cikin 1236, Garnaɗa kuma cikin 1492. Amma kafin nan littattafan sun riga sun ƙetare teku sun sauka Fas, daga Fas raƙuma suka ɗauke su suka ratsa Sahara, ta Tuwat da Tambutu da Agadas. Wajen 1493, shekara guda ke nan bayan faɗuwar Garnaɗa, Shaihu Magili mutumin Tilimsan ya zo ƙasar Hausa, ya zauna Kano da Katsina yana karantarwa. Bayansa Muhammadu Attazakti, wanda ya yi karatu a Masar, ya biyo ta Katsina kan hanyarsa ta komawa gida, Sarki ya riƙe shi ya ba shi alƙalanci, ya zauna nan har ya rasu wajen 1529. Mahlufu Albilbali shi ma ya karantar a birnin. Dukansu baƙi ne, ba ko ɗaya da aka binne cibiyarsa a Katsina. Matattarar karatun kuwa ita ce masallacin Gobarau, wanda a ke danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Hasumiyarsa ta ƙasa, mai tsawon kamar ƙafa 50, tana nan tsaye a tsakiyar gari.

Cikin ƙarni na 17 Katsina ta fara haifar manyan malamanta. Wali Ɗan Marina ya tsara waƙa da Larabci yana yi wa samari gargaɗi su riƙe neman ilmi, yana lissafa fannonin da shi kansa ya karanta. Wali Ɗan Masani, wanda iyayensa daga Barno suka fito, an haife shi wajen 1595 ya rasu cikin 1667, har yau kuwa ana kiran unguwarsa Masanawa. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai sharhin Ishiriniya. Watau waƙar da mutumin Ƙurɗuba ya tsara, sai ga Bakatsine yana warware ma'anarta bayan shekara ɗari huɗu, a garin da mai waƙar bai taɓa jin sunansa ba.

Sai dai suna da shaharar malamai ba su ne ke ciyar da almajiri ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda baƙon yaro, wanda ba shi da uwa ba shi da uba a gari, ya ke iya zama shekara biyar ko goma yana karatu. Ba gidan kwana na makaranta, ba kuɗin wata. Gari ne duka ya ke ɗaukar nauyinsa. In ya iso ya kan faɗi gaban malami ya gai da shi, ya faɗi garinsu da sunan wanda ya karantar da shi a gida. Malami ya ba shi wurin kwana a zaure ko a shagon wani maƙwabci. Sa'an nan wata uwar gida cikin unguwa ta san da shi, ta riƙa ajiye masa tuwo a akushi, shi kuwa ya ɗebo mata ruwa, ya faskara itace, ya je mata kasuwa. Ita lada ta ke nema, shi kuwa ƙarfin zama. Sau da yawa irin wannan zumunci ya kan wuce karatun, har ya kai ga aure.

Karatun zaure ba shi da aji, ba shi da ƙararrawa. Bayan sallar asuba almajirai su kan zauna kewaye da buzun malami, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. In layi ya zo kan mutum sai ya karanta Larabcin gaɓa gaɓa, malami yana fassara masa da Hausa, shi kuwa yana amsawa da na'am. Sauran suna saurare, don haka mai Risala ya kan tsinci abin da a ke faɗa wa mai Muhtasar tun bai kai can ba. Nan hikimar abin ta ke. Ba a kuma tilasta wa kowa malami guda. Almajiri ya kan ɗauki fiƙihu wurin wannan da safe, ya tafi wata unguwa da azahar ya ɗauki nahawu wurin wancan. In ya sauke littafi malami ya ba shi izinin karantar da shi, ya lissafa masa malaman da aka karɓo ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga mai littafin.

Littafi kuwa a lokacin nan ba a sayensa a kanti. Takarda daga Turai ta ke zuwa ta hannun fataken Tarabulus, da tsada. Almajiri ya kan ari na malaminsa ya kwafa da hannunsa, da alƙalamin gamba da tawadar da ya dafa da kansa, ya bar fili a gefe don rubuta abin da ya ji daga bakin malami. Mai kyan hannu ya kan mai da wannan sana'a, yana rubuta wa attajirai Alƙur'ani ana biyansa. Waɗansu ɗinkin hula su ke yi, waɗansu aikin wuyan riga, shi ya sa har gobe allura ba ta rabuwa da zauren malamai. Da damina kuwa a tafi gonar malam, ko a koma gida a yi noma a dawo da rani. Wanda ya ke da niyyar shari'a, bayan ya yi nisa cikin Muhtasar da Tuhufa, sai ya nemi zama a majalisar alƙali. Ya yi shekaru yana rubutu, yana jin yadda a ke tambayar shaidu da yadda a ke raba gado, har ya zama muhuti. Littafi ya faɗi hukunci, amma bai faɗi yadda a ke gane mai ƙarya ba, wannan sai an zauna kusa da wanda ya daɗe yana yi.

Waɗansu Katsina ma ba ta ishe su ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, Bafilace, ya yi karatu a gida da wajen Barno har ya ƙware cikin hisabi da ilmin taurari da hatimi. Wajen 1730 ya tafi aikin haji, daga nan ya sauka Alƙahira. Wani babban malamin Azhar, Hasan Aljabarti, ya sauke shi a gidansa, ya kuma ɗauki ilmin hatimi a wurinsa. A wannan gida ya rasu cikin 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, shi ne mashahurin mai tarihin Masar, ya kuwa sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa. Yadda a ke yi wa baƙo a Masanawa, haka aka yi wa Bakatsine a Masar.

Irin wannan karatu, da ya ke a kan tafiya ya dogara, ba abin da ke kashe shi kamar rufewar hanya. Zamanin jihadi, wajen 1806, rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, tsohon garin malamai na ƙasar Katsina ta yamma, kusa da Tsafe, malamanta suka watse, littattafai da yawa suka salwanta. Ba da daɗewa ba Ummarun Dallaje ya karɓi Birnin Katsina, tsofaffin sarakuna suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin ba a huta ba. Mayaƙan Maraɗi da na Gobir, musamman zamanin Ɗan Baskore, su kan biyo ta dajin Rugu su faɗa wa ƙauyuka, ƙasar Ruma ta zama bakin daga. Garuruwa suka tashi, gonaki suka koma daji. Fatake suka karkata Kano, malamai da yawa suka bi su, gama inda attajiri ya ke nan almajiri ya ke samun tuwo. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Katsina cikin 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 ko fiye, amma mutanen da ke ciki, a ƙiyasinsa, ba su wuce 8,000 ba.

Tsohon sunan nan na karatu bai ɓace ba duk da haka. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina don horon malaman makaranta, Gwamna Clifford ya buɗe ta cikin 1922. Samari suka sake taruwa daga Sakkwato da Barno da Bauchi da Ilori, wannan karo da ɗakin kwana da ƙararrawa da Turanci. Ahmadu Bello ya shiga cikin 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin 1928, shi ne kuwa ya wuce London ƙarin karatu cikin 1945. An mai da kwalejin Kaduna cikin 1938, daga baya Zariya, ginin nata na ƙasa ya zama gidan ajiye kayan tarihi. An kafa jami'ar jiha a Katsina cikin 2006, da ta tarayya a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, cikin 2011, har ya zama yaron Runka ko na Wagini ba sai ya yi nisa da gida ba kafin ya ga jami'a.

Amma dajin Rugu yana nan inda ya ke. Daga wajen 2019 'yan bindiga da suka yi sansani a cikinsa suka tsananta hari kan ƙauyukan Batsari da Safana, mutane da yawa suka bar gidajensu suka yi gudun hijira zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Birnin Katsina, makarantun ƙauye da dama suka zama kango. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, kudu da Safana, aka yi daji da su. Bayan kwana shida aka sako su, gwamnatin jiha kuwa ta rufe makarantun kwana na wani lokaci.